Darasi: Dashen ƙashin kai ga yaron da aka yi wa aiki sau da yawa

Idan kabu-kabu ya buge yaro, ko ya faɗo daga amalanke, ƙwaƙwalwarsa na iya kumbura. Lokotoro yakan cire wani ɓangare na ƙoƙon kai don kumburin ya samu wuri. Daga baya a rufe gurbin da ƙashin da aka cire, ko da wanda aka ɗebo daga haƙarƙari ko ƙugu. Wannan shi ne dashen ƙashi.

Ƙashin da aka dasa ba shi da jinin kansa. Sai ƙananan jijiyoyin jini sun ratso shi daga fatar kai da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, sannan jiki ya riƙa cinye tsohon ƙashi yana gina sabo, kamar mai yaɓe da ke kankare tsohuwar ƙasa yana liƙa sabuwa. Aikin watanni ne. Duk lokacin da aka sake buɗe wurin, ana yanke jijiyoyin nan, tabo ya maye gurbinsu, shi kuwa tabo jini kaɗan yake ɗauka. Sai ci ya fi gini yawa, ƙashin ya yi laushi, ya huje, ko ya narke. Ƙwayoyin cuta ma sun fi samun ƙofa.

Ga yaro abin ya fi tsanani, domin ƙwaƙwalwa tana girma tana turo ƙoƙon. Wajen shekara 6 takan kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta. Amma jaririn da bai kai shekara 2 ba, tantaninsa na iya tsiro da sabon ƙashi da kansa, muddin aiki bai lalata shi ba.

Iyaye, babban aikinku shi ne kada a kai ga sake buɗewa. Kada yaron ya ɗauki tulu ko faranti na talla, ko da gammo. Kada wanzami ya taɓa wurin, kada a shafa toka ko garin magani. A ba shi nono, ƙwai, wake da zogale, domin ƙashi ba ya ginuwa da yunwa.

In kun ga ruwa ko mugunya na fita, ko zazzaɓi, ko wurin ya loɓa yana bugawa kamar maɗiga, ku tafi babbar likita ta Maraɗi ranar nan. Ku riƙe takardun kowane aiki da hotunan sikana, ko da za a tura ku Yamai.