Yadda Na Yaye Kaina daga Sayen Ganin Ido

Labule ne ya tona min asiri. Wata Asabar na fita sayen ƙwan fitila guda biyu, na dawo gida da labulen falo ruwan zuma, wanda ban san ina buƙatarsa ba sai da idona ya faɗa kansa. Na rataya, na ja da baya ina sha'awar abina, sai na ga ashe matasan kujerun duk sun koɗe. Kafin mako ya zagayo na yi musu sabuwar riga. Da suka yi kyau kuma sai dardumar tsakar ɗaki ta koma abin kunya. Ƙwan fitilar kuwa ban sayo ba, kwana huɗu muna shiga banɗaki da hasken waya.

Ranar 19 ga wata Baban yara ya ce, "Uwargida, nawa ya rage cikin na cefane?" Na buɗe baki na rufe. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Labulen kawai ya kalla, ya ce ya yi kyau.

Daga baya na ji ashe ciwon nawa tsoho ne. A 1769 Denis Diderot, masanin falsafar nan na Faransa, ya rubuta yadda aka yi masa kyautar wata doguwar rigar zaman gida ja wur. Da ya saka ta sai kujerarsa ta ciyawa ta daina yi masa kyau, ya sayo ta fata, ya canza tebur, ya canza hotunan bango, har bashi ya hau kansa. Ya ce da can shi ne ubangidan tsohuwar rigarsa, yanzu ya zama bawan sabuwa. Ni dai na ji sanyi a raina da na san mai ilimi irin wannan ma riga ta ja shi a ƙasa.

Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da ya yi min aiki cikin shekara biyu da rabi, bayan na gwada cije baki da rantse-rantse duk sun watse.

Watan farko kada ku hana kanku komai. Ku rubuta kawai. Ƙaramin littafi da biro a jaka, duk abin da ya fita daga hannu a rubuta shi a ranar, ko da kuɗin ledar zuba kaya ne. Wannan ba sabuwar dabara ba ce: a 1904 wata 'yar jarida a Japan mai suna Hani Motoko ta fito da littafin lissafin gida na matan aure, wanda suke kira kakeibo, kuma har gobe ana amfani da shi. Abin da na ƙara a nawa layi biyu ne: ƙarfe nawa na saya, kuma yaya raina yake a lokacin. Waɗannan layukan su suka fi na kuɗin amfani.

Da wata ya ƙare na zauna da jan biro, na ja layi a ƙarƙashin duk abin da ban fita gida da niyyar sayensa ba. Na ɗauka labule da darduma ne za su cinye lissafin. Ina! Ƙananan ne suka yi min illa: rigar waya ta uku, robobin ajiye abinci bayan akwai goma sha ɗaya a kicin, ɗan kunne, kayan maƙulashe a bakin kanta, da manhajoji biyu da ke cirar kuɗi duk wata ban ma tuna yaushe na shiga ba. Da na haɗa, sun kusa kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke shigo mana. Sai kuma na ga lokutan. Fiye da rabi bayan ƙarfe goma na dare ne, ina kwance da waya. Saura kuwa ranakun da na dawo daga aiki rai a ɓace, ko ina tsaye a layin biyan kuɗi. Ashe ba kaya nake saya ba, lallashin kaina nake yi.

A nan ne na daina zagin kaina, domin na gane ba ni kaɗai ce a filin ba. Da can mutum yakan miƙa wa mai kanti takarda ne, shi ya ɗebo masa abin da ya rubuta. A 1916 wani Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a Memphis ta Amurka, inda mai saye zai zagaya da kansa yana gani yana taɓawa. A 1937 Sylvan Goldman ya kawo keken tura kaya, don kada nauyin kwando ya ce wa mutum ya isa haka. A 1999 kamfanin Amazon ya samu rajistar mallakar dabarar saye da dannawa ɗaya. Fiye da shekara ɗari ke nan masu wayo suna aiki a kan abu guda: su share duk wani tudu da ke tsakanin "ina so" da "na biya". To aikinmu shi ne mu mayar da tudun. Ƙarfin zuciya ba ya kai ƙarfe sha ɗayan dare, amma tudu yana nan ko kun gaji.

Tudun farko a waya yake. Na goge lambar katina daga duk inda na adana ta, katin kuma ya koma aljihun jakar da ke rataye a falo. Yanzu in ina son saye da dare sai na tashi daga gado, na kunna fitila, na kwafi lamba goma sha shida ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa lalaci ne ke cetona, kuma ban taɓa jin daɗin lalacina kamar haka ba. Na kashe sanarwar manhajojin saye, na daina bin shafukan masu talla a Instagram, har da na wata ƙawata, wadda na gaya mata dalili ta yi dariya ta ce ita ma tana tsoron shafin nata.

Na biyu, tsabar kuɗi. Wasu malamai biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun wallafa wani gwaji a 2001: sun sa ɗalibai su taya tikitin kallon wasan ƙwallon kwando, wasu aka ce da kati za su biya, wasu da tsaba. Masu kati sun taya kusan ninki biyu. Ni ban buƙaci jami'a ta gaya min ba: ranar da na ƙirga takardu da yatsuna na miƙa, na ga ambulan ya rame, wani abu ya motsa a ƙirjina wanda kati bai taɓa motsawa ba. Ba komai nake biya da tsaba ba, haya da kuɗin makaranta ta banki suke tafiya. Amma wuraren da nake zamewa, wato cefane da ƙananan kaya, tsaba ce. In za ni kanti, takarda a hannu, kwando ba keke ba, kuma ba na shiga da yunwa.

Na uku shi ne wanda na fi so, jira. A bayan littafin akwai shafi mai suna "Sai an kwana". Duk abin da ya burge ni, in bai kai ladan aikina na yini ɗaya ba, yana kwana ɗaya a shafin. In ya wuce haka, kwana talatin. Ina rubuta sunansa, da ranar da na gani, da yini nawa zan yi aiki in biya shi. Wannan lissafin na ƙarshe mugu ne. Jaka tana da kyau, amma jakar da ta ci kwana shida na tashin asuba da tsayuwa a gaban allo, sai ta fara rage kyau. Abin da ya ba ni mamaki, shafin ba ya ce min a'a, cewa yake ba yanzu ba, zuciya kuwa ta fi karɓar wannan. A shekarar farko na rubuta abu arba'in da uku, na sayi tara. Sauran da na koma kansu har da waɗanda na kasa tuna kamanninsu.

Ragi fa? Nan ne shaiɗanin yake. "Saura kwana biyu", "saura guda uku", an soke tsohon farashi da jan layi. Tambaya ɗaya nake yi: da babu ragin, yana cikin takardata? In ba ya ciki, to ban tsira da rabin kuɗi ba, rabin kuɗi na kashe. Dama an ce araha ba ta ado.

Duk wannan toshe ɓaraka ne. Kasafin kansa kuma wani abu ne daban, kuma na farkon da muka yi kwana goma sha biyu ya yi ya mutu. Laifina ne. Cikin zafin nadama na tsara shi kamar horon gidan yari, babu ko sisin jin daɗi. Rana ta goma sha biyu na fita na sayo takalma biyu, kamar mai ramuwar gayya.

Akwai tsarin da wata Ba'amurkiya, Elizabeth Warren, da 'yarta Amelia suka yaɗa a 2005: kashi 50 cikin ɗari na abin da ya shigo hannu ga abin da ya zama dole, 30 ga abin sha'awa, 20 ga tanadi da biyan bashi. Mun gwada shi a takarda, muka ga abin da ya zama dole a gidanmu ya kusa kashi 70. To daidai ruwa daidai tsaki. Muka fara tanadi da kashi 5, yanzu muna 12. Abin da na ɗauka daga tsarin nasu ba alƙaluman ba ne, a'a, yarda da suka yi cewa sha'awa ma tana da kaso. Saboda haka a gidanmu akwai abin da muke kira "kuɗin ba tambaya". Ni da nawa, Baban yara da nasa, daidai wa daida. Kowa ya kashe yadda ya ga dama, ba a tambayarsa, in ya ƙare kuma ya ƙare. Tun da aka yi wannan ban ƙara ɓoye leda a bayan ƙofa ba. (Shi ma ashe yana da tasa cutar. Wayoyin caji bakwai na ƙirga a aljihun tebur ɗinsa.)

Ranar da albashi ya shigo, kafin komai, tanadi ke fita zuwa wani asusu daban da ba shi da kati. Da can jira nake in ga abin da zai rage a ƙarshen wata, ba a kuwa taɓa samun ragowa ba. Bayan shi sai abubuwan da ba kowane wata suke zuwa ba amma dole su zo: kuɗin makaranta, haya, gyaran mota, asibiti, taimakon 'yan uwa. A da ina kiransu "abin da ya taso", alhali babu wanda ya taso, kowanne da lokacinsa. Muka haɗa na shekara guda, muka raba gida goma sha biyu, kowane wata a ware kaso ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na cefane kuwa ba na riƙe shi dunƙule. Ambulan huɗu ne, biyar in watan ya zo da Asabar biyar, kowanne da kwanan wata a jikinsa. Kuɗin wata a hannu ɗaya ruɗi ne, a makon farko sai ka ji kai wani ne. In ambulan ya ƙare ranar Alhamis, kwana biyu kawai za a lallaɓa da abin da ke cikin gida, ba kwana goma sha ɗaya ba.

Wani wurin da na daɗe ina faɗawa shi ne kuɗin da ya zo ba zato, kamar ƙarin aiki ko bashin da na fid da rai aka biya ni. Richard Thaler, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, ya yi bayanin yadda mutane ke raba kuɗi aljihu-aljihu a ƙwaƙwalwa, su riƙa ganin irin wannan kamar tsintuwa, alhali kuɗi kuɗi ne. Dokarmu yanzu: kashi ɗaya cikin goma a ci daɗinsa a ranar, saura ya bi na haya da makaranta.

Daren Lahadi, bayan yara sun kwanta, muna zama minti goma sha biyar da littafin. Sharaɗin zaman ɗaya ne, ba a cewa "me ya sa". Ana cewa "daga ina za mu cike". In na zame, kuma har yanzu ina zamewa, ina rubutawa, in ɗebo daga kuɗin ba tambaya na mako mai zuwa, in kuma kantin na karɓar mayarwa, ban cire takardar jikin kayan ba, rasidi na cikin littafin, sai in mayar. Kunyar mayar da kaya minti biyu ce. Ƙaramarmu ma ta koyi zancen. Kwanaki a bakin kanta ta ɗauko wata 'yar tsana, ta dube ni ta ce, "Mama, a saka ta a sai an kwana?" Aka saka. Washegari ta tuna, kuma na saya mata, domin in shafin ya zama wayon hanawa, yaro zai gane kafin babba.

Yanzu haka abu biyu ne a shafin. Akwai keken ɗinki, wanda ya cika kwana talatin tun makon jiya kuma har yau ina sonsa, don haka za mu fara ware masa kuɗi wata uku. Akwai kuma wata fitilar tsaye da na gani, wadda za ta dace da labulen nan ruwan zuma ƙwarai. Saura mata kwana goma sha ɗaya. Baban yara ya leƙa shafin ranar Lahadi, ya karanta, ya ɗaga kai ya kalli labulen, ya mayar min da biro.