Babi na Shida: Karanta Takarda da Rubuta Lamba a Binciken Likitoci

Darasi na 1: Mene ne wannan bincike?

Duk ƙwayar da likita yake rubuta muku ta hawan jini, ko ta ciwon suga, ko ta ciwon hanta, sai da aka gwada ta a jikin mutanen da suka yarda kafin a amince a riƙa ba marasa lafiya. Wannan gwaji shi ake kira binciken likitoci, kuma iri biyu za ku fi cin karo da su.

A na farko ba a ba ku sabon magani. Ana dai bin lafiyarku shekara da shekaru, ana aunawa ana rubutawa. Haka aka yi a garin Framingham na Amurka, inda aka fara da mutum 5,209 a shekarar 1948. Daga rubutun da aka tara ne aka tabbatar cewa hawan jini da shan taba da yawan kitse a jini suna jawo ciwon zuciya.

A na biyu ana raba mutane kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, galibi kwamfuta ce ke yi. Kashi ɗaya su sha sabon magani, ɗayan kuma tsohon magani, ko wata ƙwaya mai kama da shi wadda babu sinadarin magani a cikinta. Sau da yawa ku ba za ku san kashin da kuka faɗa ba, likitan ma bai sani ba, don kada son rai ya shiga lissafi. Ta wannan hanya aka samu maganin ciwon hanta nau'in C. An gano ƙwayar cutar a 1989, yau kuwa maganin sha na mako 8 zuwa 12 yana warkar da sama da mutum 95 cikin 100.

Darasi na 2: Takardar amincewa

Kafin a ɗebi ko ɗigo ɗaya na jininku domin bincike, dole a ba ku takardar amincewa. Wannan ƙa'ida ce ta duniya, tana cikin Sanarwar Helsinki ta 1964. Takardar takan yi tsawo, rubutunta ƙanana. Kada tsawonta ya firgita ku. Ku ɗora yatsa a kan layin farko, ku bi layi-layi, inda kuka cije ku yi ɗan zane da fensir a gefe don ku tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Ku nemi amsar waɗannan a ciki: me za a yi mini, sau nawa zan zo, tsawon wata nawa, jini nawa za a ɗiba, wace illa ake tsoro, wa zai ɗauki nauyin jinya idan maganin ya cutar da ni. A ƙarshen takardar akwai lambobin waya biyu, ta mai binciken da ta kwamitin da ya duba aikin ya ba da izini. Ku kwafe su a littafinku.

Wanda karatunsa bai kai ba tukuna yana da haƙƙin a karanta masa a harshen da yake ji, a gaban shaida wanda ba ma'aikacin binciken ba ne. Bayan haka ne zai dangwala yatsa, shaidan ya sa hannu, a rubuta kwanan wata, a ba shi kwafi ya tafi da shi. Kuna iya cewa sai kun je kun yi shawara. Kuna iya ƙi. Kuna iya shiga ku fita daga baya, kuma ba za a hana ku maganin da kuka saba karɓa ba saboda haka.

Darasi na 3: Katin awon hawan jini

Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, saboda haka nan za mu daɗe. A binciken zuciya akan ba mutum na'urar awo da kati ya riƙa rubutawa a gida, safe da yamma.

Mu fara da zama. Minti 30 kafin awo, ban da taba, ban da kofi, ban da aikin ƙarfi. A fara zagayawa a yi fitsari, domin cikar mara tana ɗaga lamba. A zauna a kujera minti 5 cur, baya a jingine, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba a harɗe ƙafa ba. A naɗa ɗamarar a damtse kan fata, ba kan hannun riga ba, gefenta na ƙasa ya tsaya kimanin faɗin yatsu biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu. A ɗora hannu a kan tebur, damtse ya yi daidai da ƙirji. Hannun da aka bari yana reto yakan ba da lambar da ta fi ta gaskiya yawa, haka ma ɗamarar da ta yi wa damtse kaɗan. A danna maɓalli, a yi shiru. Magana ma tana ɗaga lamba.

Yanzu na'ura ta tsaya, ga lambobi uku a fuskarta, ɗaya bisa ɗaya. Ta sama tana kusa da haruffa SYS, ita ce ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matse. Ta tsakiya tana kusa da DIA, ita ce ƙarfin jini lokacin da zuciya ta saki. Ta ƙasa can tana kusa da PUL ko hoton zuciya, wannan yawan bugun zuciya ne a minti ɗaya, ba hawan jini ba ne, gidanta daban ne a kati.

Ga yadda ake rubutawa: lambar sama, sai sanda a karkace, sai lambar tsakiya. Na'ura ta nuna 138, 86, 72. A gidan hawan jini ku rubuta 138/86. A gidan bugun zuciya ku rubuta 72. Ku faɗa da baki: sama, sanda, tsakiya. Ku sake: sama, sanda, tsakiya. Madalla.

Wata kuma: 152, 94, 80. Ku ɗora yatsa a kan ta sama. 152. Ku rubuta. Sanda. Ku sauko da yatsa mataki ɗaya kawai. 94. Ku rubuta. Kun samu 152/94. Wanda ya rubuta 152/80 ya tsallake mataki, ya ɗauko bugun zuciya. Ba laifi, kowa ta nan ya fara, sannu ba ta hana zuwa. Ya goge ya sake.

Ga alamar da za ta cece ku: lambar da ke gaban sanda kullum ta fi ta bayanta girma. In kun ga 86/138 a katinku, kun juya su. Tela da ya rubuta awon tsawo a gurbin faɗi ya san irin rigar da zai fitar. Babba a hagu, ƙarama a dama. Sama, sanda, tsakiya.

A jira minti 1 a zaune, a sake aunawa, a rubuta awo na biyu a layin da ke ƙasa. Duka biyun ake so, ba wanda ya fi yi muku daɗi ba. Awon safe kuma kafin shan magani ake yinsa. Kowane layi yana da kwanan wata da lokaci a gefensa na hagu, a fara cike su kafin a taɓa lamba.

To, a nan kam sai an yi faɗa. Akwai masu ganin 138 su rubuta 140 wai don ta fi sauƙin rubutu. Akwai masu ganin 165 su rage ta don kada likita ya yi musu magana. Mafi muni su ne masu barin kati kwana biyar babu komai, ran komawa asibiti su zauna su cike shi da ka. Haba jama'a! Ba yara ba ne ku. Masu bincike suna haɗa lambobin ɗaruruwan mutane ne su ga ko magani ya sauke hawan jini, kuma bambancin da suke nema sau da yawa 'yan lambobi ne ƙalilan. Lambar ƙarya tana iya sa a yabi maganin da ba ya aiki, a ba wasu bayin Allah su sha. Ranar da kuka manta, ku ja layi a gidan, ku bar shi haka. Gidan da ba komai ba ya ɓata lissafi kamar gidan da aka cika da ƙarya. Abin da na'ura ta nuna, shi za a rubuta, nan take, kafin a tashi daga kujera. Sama, sanda, tsakiya.

Ku san ma'anar abin da kuke rubutawa. Awon asibiti da ya kai 140/90 ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne. In lamba ta kai 180/120, kuma ga ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko dishi-dishin gani, ko mutuwar ɓarin jiki, ko karkacewar baki, a ajiye kati a nufi asibiti nan da nan.

Aiki: ku rubuta waɗannan yadda za su shiga kati. (a) 126, 78, 66. (b) 144, 91, 88. (c) 119, 74, 74. Ta ƙarshen da gangan aka sa ta, ku kula da gidajen.

Darasi na 4: Gwajin suga

In an ce ku zo ba ku ci komai ba, ana nufin aƙalla awa 8 babu abinci, babu abin sha mai zaƙi. Ruwa zalla an yarda. Mai shan maganin suga ko mai allurar insulin ya tambaya tun da wuri yadda zai yi da maganinsa a wannan safiya. Wanda ya manta ya ci, ya faɗa, a sake masa rana.

Ma'auni biyu ne, ku dubi ƙananan haruffan da ke bayan lamba. In mg/dL ne, 126 zuwa sama yana nuna ciwon suga. In mmol/L ne, 7.0 zuwa sama. Ku lura da ɗigon nan. 7.0 daban, 70 daban. Wanda ya yar da ɗigo ya canja magana gaba ɗaya. Suga da ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, ya yi ƙasa da yawa, yakan zo da karkarwa da gumi da yunwa. A sha babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15, a sanar da masu binciken.

Akwai kuma HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance a wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Kashi 6.5 cikin 100 zuwa sama yana nuna ciwon suga, kuma ba ya buƙatar a ƙi cin abinci.

Darasi na 5: Takardar gwajin hanta

Ku nemi ALT da AST. Sinadarai ne da suke ƙaruwa a jini in hanta ta ji rauni. A gefen lambarku akwai iyakar da ɗakin gwajin ya sa, da ita za ku kwatanta. Harafin H na nufin ta haura. HBsAg gwajin ciwon hanta nau'in B ne, in ya ci gaba da fitowa fiye da wata 6 cutar ta zauna. Kitsen hanta, wanda yake yawan tafiya da ƙiba da ciwon suga, yakan daɗe bai nuna alama ba, shi ya sa ake hoton ciki.

Ku faɗi duk abin da kuke sha, har farasitamol da sassaƙe da giya. In ido ya yi ɗorawa ko fitsari ya yi duhu, ku kira lambar mai binciken da kuka kwafe.

Darasi na 6: Ƙwayoyi da ranar komawa

Kada ku ba wani mutum maganin binciken da aka ba ku. Ƙwayar da ta rage da kwalbar da ta ƙare duk a mayar, ana ƙirgawa. Ranar komawa tana jikin kati, a kewaye ta a kalanda.

Aiki: kowa ya kawo amsoshin darasi na 3 a zama mai zuwa.