Kurakuran da sababbin masoya ƙwallon jami'o'in Amurka (American football, mai kama da zari-ruga) ke tafkawa kafin wasa

Da zarar ƙarshen Agusta ya yi, sai sababbin 'yan kallo su fara cika baki tun ranar Litinin a kan wasan da za a buga Asabar. Na gaji da maimaita gyara iri ɗaya ga mutum bayan mutum, gara in rubuta kowa ya gani.

Babban abin da ke cin mutane shi ne lambar nan da ake liƙawa a gefen sunan jami'a. Jerin gwanaye 25 na kamfanin dillancin labarai na AP ƙuri'ar 'yan jarida ce, kuma na farkon kaka ana fitar da shi ne kafin a taɓa ƙwallo ko sau ɗaya. A 2007 Jami'ar Mishigan tana ta 5, ta gayyato Appalachian State daga ƙaramin rukuni, ta biya ta dala dubu 400 don ta zo ta sha kashi. Baƙin suka ci 34 da 32 a gaban mutum sama da dubu 100, har da toshe bugun ƙarshe na neman maki ta tsakanin sanduna. Jami'ar Jihar Fulorida kuwa ta ci wasa 13 a jere a 2023, aka sa ta ta 10 a farkon 2024, ta ƙare da nasara 2 kacal cikin wasa 12.

Dalili a fili yake. Waɗannan ɗalibai ne, yawancinsu 'yan 18 zuwa 22. Kowace shekara wasu sun gama, wasu sun tafi NFL, gasar ƙwararru, ga shi yanzu sauya makaranta ya zama ruwan dare, musamman tun 2021 da aka halatta musu samun kuɗi da sunansu. Riga ce kawai ba ta canza ba. Ni dai ba na kallon lamba sai Oktoba ta shigo. Abin da nake fara tambaya shi ne: cikin ƙartin nan biyar masu tsare mai jefa ƙwallo, nawa ne suka buga tare bara? In huɗu sababbi ne, ko wane irin gwani ne a bayansu, ƙasa zai yini yana sha.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ƙona mini rai: auna wasan tsofaffin abokan gaba da ma'aunin sauran wasanni. Ranar 30 ga Nuwamba 2024 Jami'ar Jihar Ohayo tana ta 2, tana gida, abokiyar gabarta Mishigan ta zo da nasara 6 da faɗuwa 5. Babu wanda ban gaya wa za a yi mata raga-raga ba, har na tara abokai na yi odar abinci. Mai bugun Ohayo ya ɓarar da bugu biyu, aka cafke jifan mai jefa ƙwallonsu sau biyu, Mishigan ta ci 13 da 10. Kazar tana sanyi a faranti, waya sai ruri take, na ƙi ɗagawa. To wai kai da ka fara kallo jiya, wa ya gaya maka yaron da aka yi shekara ana zuga shi a kan wasa ɗaya zai damu da lissafinka? Haka Auburn ta yi wa Alabama a 2013, daƙiƙa ɗaya ta rage, Chris Davis na Auburn ya cafe bugun Alabama da bai kai ba, ya sheƙa tun daga ƙarshen fili har ɗaya ƙarshen. Ranar irin wannan wasa, bakina alekum sai an hura tashi.

Kada kuma ka yi wa ƙungiya jana'iza don ta faɗi sau ɗaya. Tun 2024 ƙungiyoyi 12 ke shiga gasar ƙarshe, kuma ita Ohayon da aka gama zagi ita ta ɗauki kofi a Janairun 2025, ta doke Notre Dame 34 da 23.

Sauran ƙanana ne. "Mun ci wane, wane ya ci wane, saboda haka za mu ci" shirme ne, a daina. Kada ka yi hasashen kunnen doki, babu shi, ƙarin lokaci ake yi sai an samu gwani. Duba inda za a buga, domin ihun ɗalibai a fili irin na Penn State yakan hana baƙi jin umarnin junansu. Duba hasashen yanayi, iska da ruwa na kashe wasan jifa. Kuma minti 60 ɗin da aka rubuta na agogon wasa ne, ka ware awa uku da rabi.