Babi na 7: Binciken Ƙasa da Ruwan Rijiya Kusa da Tankin Mai

Darasi na 1: Abin da muke nema

'Yan'uwa ɗalibai, ku karanta a tsanake, babu mai korarku. A ƙarƙashin gidan mai akwai tanki binne. Idan tsatsa ta ci shi, ko mahaɗin bututu ya saki, sai mai ya riƙa yoyo cikin ƙasa ba wanda ya gani. Fetur bai kai ruwa nauyi ba. Idan ya sauka ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai ya kwanta a samansa, wani sashe kuma ya narke a ciki. Wannan da ya narke shi ne abin tsoro, domin akwai sinadarin benzin a cikinsa, mai jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce mikirogiram 10 a lita ɗaya ta ruwan sha (mikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram). Ɗan wannan adadi ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa. Shi ya sa ake kai ruwan ɗakin gwaje-gwaje.

Darasi na 2: Inda ake haƙa

Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tafiya, daga inda ya fi tudu zuwa gangare. Masu bincike sukan haƙa ƙananan rijiyoyi, aƙalla 3, su auna tsayin ruwa a kowace, sai su gane inda ya nufa. Ɗaya a bar ta ta wajen da ruwan yake fitowa, kafin ya iso tanki, don a kwatanta. Ban da sigari, ban da ashana a wurin.

Darasi na 3: Cika kwalba

A nan mutanena suka fi faɗuwa, saboda haka mu zauna sosai. Da farko a kwashe ruwan da ya daɗe kwance a rijiyar, a jira sabo ya shigo. Sannan ka sa safar hannu, ka ɗauki 'yar kwalbar gilas mai cin mililita 40. Karkata ta, ka zuba ruwa a hankali ta gefe, kada ya yi kumfa. Cika ta har ruwan ya ɗan yi tozo a baki. Rufe murfi. Yanzu juya ta, baki ƙasa, ka ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, ka duba.

Ka ga ƙwayar iska tana hawa? To aikin bai yi ba. Ajiye wannan, ɗauki sabuwar kwalba.

Me ya sa? Benzin yana saurin tashi. Idan ya sami ɗan fili a kwalba, sai ya bar ruwan ya shige iskar, mai gwaji ya auna ya ce ruwa lafiya, alhali jama'a suna shan guba. Mu sake: karkata, zuba a hankali, cika har tozo, rufe, juya, duba. Ku faɗa da baki. Karkata, zuba, cika, rufe, juya, duba. Kada wanda ya ji kunya don ya ɓata kwalba biyu ko uku, hannu sai da sabo.

Amma fa akwai abin da yake ɓata mini rai. Sau nawa zan ga mutum ya hangi ƙwayar iska da idonsa, ya ce "ai 'yar ƙarama ce", ya jefa cikin akwati? Wannan ganganci ne da lafiyar mutane. Ƙarama ko babba, a sake! Juya kwalbar, ka duba.

Idan ta cika daidai, rubuta lambar rijiya, kwanan wata da lokaci a jikinta nan take, ka sa ta cikin akwatin ƙanƙara. A fara da rijiyar da ake zaton ta fi tsabta, a ƙare da mai wari.

Darasi na 4: Samfurin ƙasa

A ɗebi ƙasa a zurfi daban-daban, a rubuta zurfin, launi da ko tana wari. A danna ta cikin kwalba, a rufe da sauri. A wanke kayan aiki kafin a koma wani rami.

Darasi na 5: Kafin sakamako ya fito

Ruwan da yake warin mai kada a sha, kada a yi girki da shi, ko an tafasa. A sanar da hukumar muhalli.

Aikin gida: ku cika kwalba 5 da ruwan famfo, ku kawo mini su ba ƙwayar iska ko ɗaya.