Kakakin badujala ya cije? Ajiye filayar tukuna

Yawancin kakakin badujalar da na ga sun lalace, a ranar da wani abu ya cije a jikinsu aka lalata su. Tagullar da ake ƙera su da ita gamin jan ƙarfe ce da tutiya, galibi kashi 70 da kashi 30. Tana da laushi, ba ta da kauri, gaɓoɓin kuma da dalma aka liƙe su. Ƙarfin da za ka kwance noti da shi ya isa ya gama da ita.

Bakin busa ya fi komai cijewa, kuma laifin na tafin hannu ne. Yaro zai zura shi ya ɗan buga masa mari don ya zauna daram, alhali a zura a ɗan murɗa ya wadatar. Wani ɗalibina da nasa ya cije ya kai wa mai gyaran babur, aka damƙe da filaya aka murɗa. Bakin ko gezau, amma bututun da ke riƙe da shi ya kanannaɗe kamar igiya, liƙi biyu suka ɓalle. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don abin bai kai ya kawo ba. Ka ɗiga man kwance tsatsa a mahaɗar, ka bar shi ya kwana. Da safe ka riƙa ƙwanƙwasa kewayen wurin a hankali da ɗan katako, kana ja da hannu. In ya ƙi, akwai ƙaramar na'ura mai noti biyu da aka yi musamman don zare bakin busa a miƙe. Duk ƙungiyar da ke da kakaki fiye da biyar ya kamata ta mallaki ɗaya.

Bututun saita murya kuwa rashin motsawa ke kama shi. Yawu ya bushe a ciki, ƙurar hunturu ta hau, wata biyu ba a ja shi ba, shi ke nan. Nan ma mai da haƙuri ne: a ɗiga, a jira, a ɗan ɗumama da na'urar busar da gashi, a zura tsumma ta lanƙwasar a fizga a miƙe. Kada a kusanto da wutar walda. Dalmar liƙi tana narkewa tun zafi bai kai digiri 200 ba, fentin ƙyallin kuma ya ƙone. In ya fito, a goge a shafa giris ɗinsa, ko basilin in babu.

Bawul ukun nan da ake dannawa da yatsu a kakakin tirampet, mansu na musamman mai ruwa-ruwa suke so. Baƙin mai da man gyaɗa danƙo suke yi, tofa yawu kuma ƙara datti ne. Mafi muni shi ne goga samfefa don bawul ya yi santsi. Tazarar da ke tsakaninsa da gidansa kamar silin gashi ce, in ka cinye ta iska za ta riƙa zurarewa har abada. Wanda ya wanke ya mayar ya ji iska ta toshe, ya duba lambobin 1, 2, 3 da ke jikinsu, ya juya kowanne har ya ji ya faɗa gurbinsa.

Sai goro, alewa da lemon kwalba kafin busa. Duk cikin bututu suke tafiya, tsamin ya riƙa cin tutiyar, har jajayen ɗigo-ɗigo su ɓullo a waje, daga baya su zama huda. Kuskure baki da ruwa kafin ka busa. Wata-wata a yi masa wanka da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwano, ban da tafasasshe, don yana ɗaye fenti. A ware bawul gefe kada ƙyallen da ke samansu ya jiƙe, a bar komai ya bushe a inuwa kafin a haɗa.