Kunnen Wel Ba Ya Jiran Kowa: Kurakuran da Na Gaji da Gani a Bakin Tekun Legas

Duk ranar da igiyar ruwa ta watso wel, ƙatuwar dabbar tekun nan mai kama da kifi, a gaɓar Lekki, sai ka ga sababbin shiga aikin binciken dabbobin teku sun rugo suna auna tsawo, suna ɗaukar hoto, kunnen kuwa yana can cikin kai yana ruɓewa. Alhali in ana son sanin ko ƙarar jiragen ruwa ko ta bindigogin iska na masu neman mai ce ta kurmantar da dabbar, shaidar tana cikin katantanwar kunne, wato sashen can ciki mai siffar katantanwa da ke kama sauti.

Jinkiri shi ne uban kurakurai. Ƙwayoyin da ke kama sauti a katantanwar nan suna fara narkewa jim kaɗan bayan mutuwa. In aka haura awa 18 da wuya a ga abin kirki, ballantana a zafin Legas. Ni ma ya taɓa ci na. An kira ni bayan asuba, na tsaya jiran mai kyamara, gosulo ya riƙe mu a hanyar Epe. Sai bayan la'asar muka isa, mutane sun riga sun dirar wa naman da adda da bokiti. Da ƙyar na zaro ƙashin kunnen, ina komawa na jefa shi firiza, wai ina adanawa. Ƙanƙara ta yayyaga ɗan abin da ya rage. Ranar da na duba a madubin awo ban ga komai ba sai dagwalo, wallahi na kwana da baƙin ciki. Yau kuma in ga yaro ya nufi firiza da kunne? Haba!

Tun daga nan jakata ba ta barin but ɗin mota: fomalin (ruwan maganin hana ruɓewa) kashi 10, sirinji, wuƙa, safar hannu. Ina zaro ƙashin nake tura fomalin a hankali ta ƙananan tagogi biyu na katantanwar, tun ina kan yashi.

Sai gaggawar yanke hukunci. Da an ga jini a kunne sai a ce ƙara ce, don an karanta abin da sona (na'urar sojan ruwa mai sakin ƙara a cikin teku) ta yi wa wel a Bahamas a 2000 da tsibiran Kanari a 2002. Ɗan'uwa, karo da jirgi yana kawo jini, birgima cikin igiya ma haka, tsutsa da tsufa kuma suna kashe ji. Ni tabo nake nema: inda ƙwayar sauti ta mutu tun dabbar na raye, maƙwabtanta suna cike gurbin. Wurin tabon ma yana magana, gindin katantanwa na siririn sauti ne, ƙololuwarta na mai kauri.

Ka ciro kunnuwan duka biyu, ka rubuta dama da hagu a jikin kwalba. Ka gaida masunta, ka tambaye su ƙarfe nawa dabbar ta daina numfashi, su ne suka gani.