Yadda Ake Nazarin Ra'ayoyin Mahalarta Bayan Taron Kare Masu Rauni a Ingila

Idan ka shirya taro a Ingila kan kare manya masu rauni da tantance ikonsu na yanke shawara, ka haɗa ma'aikatan jin daɗin jama'a da malaman jinya da masu kula da gidajen tsofaffi a zaure ɗaya, to kada ka ajiye takardun ra'ayin da suka cike har zuwa mako mai zuwa. Karanta su duka a ranar, tun kafin ka fara ƙirga maki, domin ba abin mamaki ba ne wani ya rubuta a bayan takarda cewa jawabin da ya ji ya tuna masa da wata dattijuwa da yake zargin ana cinye mata kuɗi. Irin wannan rubutu rahoto ne, kuma Sashe na 42 na Dokar Kulawa ta 2014 ya ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin bincike idan akwai dalilin zaton ana cutar da babban da ba ya iya kare kansa. Miƙa shi ga jami'in da ya dace ba tare da jinkiri ba, sannan ka goge duk wani suna kafin takardar ta shiga hannun wani ban da shi.

Ƙorafin abinci da sanyin zaure da lasifikar da ta ƙi aiki, tattara shi wuri guda ka aika wa masu ɗakin taron.

Abin da ya rage shi ne aikin gaske, kuma ina ba da shawarar ka rarraba shi bisa sana'ar marubucin, saboda jimla ɗaya takan ɗauki ma'ana daban a bakin likita da kuma a bakin mai kai wa tsoho abinci gida. Mutane da yawa za su rubuta cewa suna son ƙarin misalai. Kada ka ɗauki wannan da wasa. Dokar ikon yanke shawara ta 2005, wadda ta fara aiki a Ingila da Wales a 2007, ta ce a ɗauka kowa yana da ikonsa sai an tabbatar da akasin haka, kuma ba a cewa mutum ya rasa shi don kawai ya zaɓi abin da wasu ke gani rashin dabara ne. Ma'aikata sun haddace wannan, sun kuma san cewa ana duba ko mutum ya fahimci bayani, ya riƙe shi, ya auna shi, ya bayyana matsayarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne a ƙofar dattijon da gidansa ya cika da tarkace, ƙafarsa ta kumbura, yana magana tsaf amma ya hana kowa shiga. Mai neman misali yana tambaya ne a kan wannan ƙofa, saboda haka zama na gaba ya kamata ya ginu a kanta.

Haka kuma, ba kowane ruɗani ba ne laifin mai jawabi. Hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na 2014 a shari'ar Cheshire West, wadda ta shafi tsare masu rauni marasa ikon yanke shawara a wuraren da ake kula da su, ya faɗaɗa ma'anar tauye 'yanci, sannan sabon tsarin kare irin waɗannan mutane da dokar 2019 mai gyara ta 2005 ta tanada, a watan Afrilun 2023 sai gwamnati ta ɗage aiwatar da shi. Wanda ya ce bai gane inda aka dosa ba, gaskiya ya faɗa, kuma abin da yake buƙata shi ne taƙaitaccen bayani a rubuce mai ɗauke da kwanan wata.

Duba kuma waɗanda ba su ce komai ba. Idan babu takarda daga iyalai ko daga masu tsaya wa marasa galihu, gayyatarka ce take da gyara. Bayan wata uku, rubuta wa mahalarta, ka faɗa musu abin da ka sauya saboda maganarsu, ka kuma roƙe su su ba ka labarin tantancewa guda ɗaya da suka yi daban tun bayan taron, ba tare da ambaton sunan kowa ba.